Gaspard Monge (1746-1818): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Ilimin Layuka Masu Saɓani

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Gaspard Monge, masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, tun daga shigarsa makarantar injiniyoyin soja a matsayin mai zane har zuwa rasuwarsa bayan an tuɓe masa muƙamansa. An mayar da hankali a kan matsala guda da ta ratsa aikinsa, wato yadda za a gane daga zanen takarda ko layuka biyu sun haɗu a sarari ko kuwa saɓani suka yi, da yadda za a auna tazarar da ke tsakaninsu. Maƙalar ta nuna cewa babbar gudummawar Monge ita ce mayar da dabarun magina da masassaƙa zuwa ilimi mai ƙa'ida da kowa zai iya koyo. An kuma gwada wasu kalmomin Hausa domin bayyana wannan fanni.

1.0 Gabatarwa

A kan allo ko takarda, miƙaƙƙun layuka biyu ba su da hali sai ɗayan biyu: ko dai su haɗu a wani ɗigo, ko kuma su yi ta tafiya a jere har abada. Amma da zarar an bar takarda an shiga sarari mai tsawo da faɗi da bisa, sai hali na uku ya bayyana. Mai karatu ya dubi ɗakin da yake zaune. Layin da bangon gabas ya haɗu da rufi yana tafiya daga kudu zuwa arewa. Layin da bangon arewa ya haɗu da daɓe yana tafiya daga gabas zuwa yamma. Duk yadda aka tsawaita su ba za su gamu ba, domin ɗaya yana sama, ɗaya yana ƙasa. Kuma ba a jere suke ba, tunda kowanne da inda ya nufa. Irin waɗannan su ne wannan maƙala ta kira layuka masu saɓani. An zaɓi kalmar ne saboda ma'anarta ta yau da kullum: mutum biyu sun bi ta wuri guda ba tare da sun gamu ba. Gadar sama da titin da ya ratsa ƙarƙashinta misali ne da kowa ya sani.

Tsofaffin masana sun san da wannan hali. Shi ya sa Iƙlidis, a wajen bayyana layuka masu tafiya a jere, ya gindaya sharaɗin su kasance a kan shimfiɗa guda. Abin da ya daɗe yana wahalar da masu sana'a shi ne yadda za a kama wannan hali na uku a kan takarda, wadda ba ta da bisa. Wayoyin lantarki biyu za su iya gittawa a cikin hoto kamar sun taɓa juna, alhali akwai kamu biyar a tsakaninsu. Mutumin da ya shimfiɗa ƙa'idar warware wannan ruɗani, ya kuma koyar da ita ga dubban ɗalibai, shi ne Gaspard Monge.

2.0 Tasowarsa

An haifi Monge ranar 9 ga Mayu, 1746, a garin Beaune da ke yankin Burgundi na Faransa. Mahaifinsa, Jacques Monge, ɗan kasuwa ne da ba shi da jinin sarauta, amma ya tsaya kai da fata wajen ilimantar da 'ya'yansa maza uku, dukkansu kuma sun zama malaman lissafi. Gaspard ya yi karatu a makarantar limaman Kirista ta garinsu, daga nan ya wuce birnin Lyon a 1762, inda aka ba shi aji ya koyar da kimiyyar fizis yana ɗan shekara 17.

A 1764 ya zana taswirar garin Beaune da kayan awon da ya ƙera da hannunsa. Wani hafsan injiniyoyin soja ya ga taswirar, ya yaba, ya yi masa hanya zuwa makarantar injiniyoyin soja ta Mézières, kusa da iyakar ƙasar ta arewa maso gabas. Sai dai a Faransa ta wancan zamani, 'ya'yan manyan gida ne ake ɗauka a sashen hafsoshi. Aka tura Monge sashen masu aikin hannu, inda ake kwaɓa filasta ana gina samfurin ganuwa da bakan gini, ana kuma share zane. A ganina wannan wariya, duk da ɗacinta, ita ta ɗora shi a kan hanyarsa, domin a wannan ɗaki ne ya ga yadda masu sassaƙar dutse da kafintoci suke fitar da siffa mai bisa daga zanen da ke kwance.

Ba a jima ba aka ba shi wani aiki da ya sauya matsayinsa. Idan za a gina sansani kusa da tuddai, dole a san tsayin da kowane ɓangare na ganuwa zai kai domin maƙiyin da ya hau tudu da igwa ya kasa hango cikin sansanin, balle ya harba. Hafsoshi sun saba warware wannan da dogon lissafi mai cin lokaci. Monge ya bi ta hanyar zane: ya nemi shimfiɗar da za ta taso daga cikin sansani ta shafi ƙololuwar tudun, duk abin da ke ƙarƙashinta kuwa a ɓoye yake. Ya gama da saurin da ya sa shugabanninsa suka yi shakka tun kafin su duba. Da aka bincika aka tarar amsar daidai take. Makarantar ta rungumi dabarar, ta kuma tsare ta a matsayin sirrin soja, ba a yarda ya buga ta ba. Kafin 1770 ya gaji Charles Bossut a kujerar koyar da lissafi, daga baya aka ƙara masa da ta fizis. Cikin waɗanda suka yi karatu a Mézières a zamaninsa akwai Lazare Carnot da Jean-Baptiste Meusnier.

3.0 Dabarar Inuwa Biyu da Matsalar Saɓani

Ya kamata a faɗi gaskiya tun da wuri: ba Monge ne ya fara zana abu ta sama da ta gaba ba. Albrecht Dürer ya yi amfani da irin wannan zane a 1525, Amédée-François Frézier kuma ya wallafa babban littafi a kan sassaƙar dutse tsakanin 1737 da 1739. Amma a hannun waɗanda suka gabace shi, kowace matsala da dabararta, kowace sana'a da sirrinta, ana gadon su daga ubangida zuwa yaron shago. Monge ya tattara su ya mayar da su ƙa'idoji kaɗan.

Ga yadda tsarin yake. A ɗauka akwai daɓe da bango da suka haɗu a kan kusurwar tsaye, wato digiri 90. Kowane ɗigo da ke sarari yana da inuwa biyu: ɗaya a daɓe idan haske ya sauko masa kai tsaye daga sama, ɗaya a bango idan hasken ya zo daga gaba. Sai a kwantar da bangon ta baya, kamar yadda ake buɗe littafi, har shi da daɓen su zama takarda guda, layin da suka haɗu ya raba ta biyu. Abin lura shi ne inuwoyin nan biyu na ɗigo guda kullum suna faɗawa a kan layi ɗaya da ya gitta layin rabon a tsaye. Wannan ƙaramar ƙa'ida ita ce ginshiƙin tsarin baki ɗaya.

To yanzu a kawo layuka biyu. Inuwoyinsu za su iya gittawa a kallon sama, su kuma gitta a kallon gaba, mai kallo ya ɗauka lallai sun haɗu. Amma idan haɗuwar ta gaskiya ce, a ɗigo guda aka yi ta, don haka magittar sama da magittar gaba dole su daidaita a kan layi ɗaya na tsaye. In rula ta nuna sun goce wa juna, to layukan ba su taɓa gamuwa ba. Ɗaya ya wuce ne ta saman ɗaya. Tambayar da ido ya kasa amsawa sai ga shi rula ta amsa ta cikin daƙiƙa kaɗan.

Batun kusurwar tsaye ya fi wannan dabara. Layuka biyu masu saɓani za su iya kasancewa a tsaye ga juna ko da ba su haɗu ba, kamar layukan ɗakin da aka ambata a gabatarwa, domin ana auna kusurwarsu ne da alƙiblar da kowanne ya fuskanta. Sai dai inuwa takan yi ƙarya game da kusurwa. Kusurwar tsaye takan fito a inuwa a buɗe ko a tsuke, ba ta bayyana da kamanninta na gaskiya sai idan ɗaya daga cikin layukan yana kwance daidai da shimfiɗar da inuwar ta faɗa a kai. Wanda bai san haka ba zai auna kusurwa a zane ya yanka katako, ya zo haɗawa ya tarar bai shiga ba.

Daga nan sai matsalar da ta fi kowacce daɗin nazari: mene ne tazara mafi gajarta tsakanin layuka biyu masu saɓani? Amsar ita ce, akwai layi guda tak da yake taɓa su duka biyun kuma yake tsaye ga kowannensu. A misalin ɗaki, shi ne lungun da bangon gabas da na arewa suka haɗu, wanda ya taso daga daɓe zuwa rufi. Idan layukan a karkace suke, ana nemo shi kamar haka. Ta kan wani ɗigo na layin farko a ja layi mai tafiya a jere da na biyu. Waɗannan biyun sun samar da shimfiɗa da ta ƙunshi layin farko, wadda layi na biyu ba zai taɓa ratsawa ba. Daga kowane ɗigo na layi na biyu a sako layi a tsaye zuwa wannan shimfiɗa, tamkar yadda magini yake sako igiyar awo. Tsawonsa shi ne tazarar. Sai a yi ta zamar da shi a kan layi na biyu har gindinsa ya taka layin farko; inda ya tsaya nan ne mazauninsa. Monge ya kawo wannan matsala a darussansa, ya kuma bayyana ta da siffar ganga: a ɗauki layi na biyu a matsayin tsakiyar wata ganga da ake ƙara wa kauri har gefenta ya shafi shimfiɗar. Duk matakan nan ana yin su da rula da kamfas a kan inuwoyi biyu, ba tare da an rubuta lamba ko ɗaya ba. Amfaninsu a bayyane yake ga mai haƙa rami mafi gajarta tsakanin hanyoyi biyu na ƙarƙashin ƙasa, ko mai son sanin ko bututu biyu za su gogi juna.

Monge bai tsaya ga zane kaɗai ba. Ya yi imani cewa zane da aljabara harsuna biyu ne masu faɗin abu guda, kuma ya kamata ɗalibi ya iya fassara kowanne zuwa ɗan'uwansa. A rubutun da ya gabatar wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faris a 1771 game da lanƙwasassun layuka na sarari, da kuma takardun darasi da ya raba wa ɗalibai daga 1795, ya tsara lissafin miƙaƙƙen layi da shimfiɗa a sarari cikin siga mai kama da wadda ake koyarwa a yau.

Akwai wani abin mamaki da layuka masu saɓani suke haifarwa. Mai karatu ya kawo kalangu a ransa, da tsarkiyoyinsa da suka miƙe daga wannan baki zuwa wancan. Da za a murɗa baki ɗaya kaɗan, kowace tsarkiya za ta ci gaba da zama miƙaƙƙiya, amma dukkansu za su karkata, babu biyu da za su haɗu ko su jera, kuma tare za su fitar da siffa mai siririn ƙugu. Wato lanƙwasasshen jiki ya samu daga miƙaƙƙun layuka zalla. Christopher Wren na Ingila ya lura da wannan a 1669. Monge ya zurfafa nazarin irin waɗannan siffofi, Théodore Olivier kuma ya shahara da ƙera samfuransu da zare. A kan wannan siffa injiniyan Rasha Vladimir Shukhov ya gina hasumiyoyinsa na ƙarfe, ciki har da ta birnin Mosko da aka kammala a 1922.

4.0 Daga Aji Zuwa Mulki

A 1777 Monge ya auri Catherine Huart, wadda take da masana'antar narkar da ƙarfe, abin da ya jawo hankalinsa ga ilimin ƙarafa. An zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya a 1780. A shekara mai biye ya gabatar da nazari a kan hanya mafi sauƙin tsada ta kwashe ƙasa daga inda aka haƙa zuwa inda za a cike, matsalar da Leonid Kantorovich ya farfaɗo da ita a 1942, har yau kuma ana kiran ta da sunayensu su biyu. A 1783 ya haɗa ruwa daga iskoki biyu a gwajin da ya yi shi kaɗai, a daidai lokacin da Lavoisier yake irin wannan aiki. A shekarar ce kuma aka naɗa shi mai jarraba ɗaliban rundunar ruwa, ya bar Mézières a 1784.

Da juyin juya hali ya ɓarke a 1789, Monge ya shige shi da zuciya ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda aka taɓa hana wa kujera saboda asalinsa. Ya yi aiki a kwamitin da ya samar da ma'aunin mita. Daga Agusta 1792 zuwa Afrilu 1793 ya riƙe muƙamin ministan rundunar ruwa, yana cikin gwamnatin da ta zartar da hukuncin kisa a kan Sarki Louis na 16 a Janairu 1793. Bai yi fice a ministanci ba, shi da kansa ya nemi sauka. Inda ya yi amfani shi ne wajen samar da makamai lokacin da ƙasashen Turai suka yi wa Faransa taron dangi: ya kula da harkar albarushi da ƙarfe, ya kuma rubuta littafin koyar da ƙera igwa a 1794.

Shekarar 1795 ce ta fi kowacce muhimmanci ga batun wannan maƙala. A makarantar horar da malamai da aka buɗe a Faris a farkon shekarar, Monge ya koyar da dabarar inuwa biyu a bainar jama'a, bayan kusan shekara 30 tana kulle. Marubuta masu saurin hannu suka ɗauki darussan, aka buga su a littafi mai suna Géométrie descriptive a 1799. Yana kuma cikin manyan waɗanda suka kafa makarantar da aka buɗe a 1794, aka raɗa mata suna École polytechnique a 1795, inda jarrabawa ce take ba da gurbi. Ya ba wa zane kaso mai tsoka a manhajarta, domin a ra'ayinsa shi ne harshen da injiniya da ma'aikaci za su fahimci juna da shi. Daga wannan makaranta aka sami Charles Dupin da Charles Brianchon da Jean-Victor Poncelet, waɗanda suka sake raya ilimin jometiri a ƙarni na 19. Zanen kallon sama da kallon gaba da ake koya wa ɗaliban makarantun fasaha a yau, har da namu, jikan waɗancan darussa ne.

5.0 Italiya, Masar da Napoleon

A 1796 gwamnati ta tura shi Italiya cikin kwamitin da ke zaɓen zane-zane da gumaka da tsofaffin littattafai domin a kwashe su zuwa Faris. Ko da wane suna aka kira aikin, ganimar yaƙi ce, kuma Monge ya yi shi da himma. A can ya shaƙu da matashin janar Napoleon Bonaparte, shaƙuwar da ta mallake shi har ƙarshen rayuwarsa. Daga birnin Rum ya tattaro kayan ɗab'i da haruffan Larabci waɗanda aka tafi da su Masar.

Yana da shekara 52 ya bi rundunar da ta mamaye Masar a 1798. Da aka kafa Cibiyar Nazari ta Masar a Alƙahira a watan Agusta, shi ne shugabanta na farko, Bonaparte kuma mataimakinsa. A gaban wannan cibiya ya gabatar da bayanin kawalwalniya, wadda ta azabtar da sojoji masu ƙishirwa a hanyarsu daga Iskandariya: rairayi mai zafi yana ɗumama iskar da ke dab da ƙasa, ta yi sauƙi fiye da ta samanta, sai hasken da ya sauko a karkace ya juya sama ya shiga ido, mutum ya ga hoton sararin samaniya a ƙasa ya zaci tafki ne. Masanin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti ya ziyarci cibiyar, ya bayyana ɗakin karatunta da gwaje-gwajen da aka nuna masa. Shi ne kuma ya rubuta yadda sojojin Faransa suka kutsa masallacin Azhar da dawakansu bayan boren Oktoba 1798. Ba daidai ba ne a ba da tarihin Monge a ambaci na farko a tsallake na biyu, domin bindigar da ta murƙushe boren ita take gadin cibiyar.

Ya bi Bonaparte zuwa yaƙin Sham, ya kwanta ciwo mai tsanani a lokacin da aka yi wa garin Akka ƙawanya, sannan suka koma Faransa tare a 1799. Bayan Bonaparte ya karɓi mulki, Monge ya zama sanata, ya shugabanci majalisar dattawa a 1806, aka kuma ba shi sarautar Péluse a 1808. Mutumin da ya yi yaƙi da tsarin sarauta sai ga shi da rawani. Inda ya ja da ubangidansa shi ne a kan makarantarsa: bai so mayar da ita barikin soja da aka yi a 1804 ba, da aka sanya kuɗin makaranta kuwa, ya sadaukar da albashinsa na koyarwa domin tallafa wa ɗalibai marasa galihu.

Rashin lafiya ya sa ya daina koyarwa a 1809, labarin halakar rundunar Faransa a Rasha a 1812 kuma ya ƙara karya shi. Duk da haka, da Napoleon ya dawo mulki na ɗan lokaci a 1815, Monge ya sake mara masa baya. Gidan sarautar Bourbon bai manta da wannan ba, bai kuma manta da Janairu 1793 ba. A Maris 1816 aka kore shi daga majalisar masana, aka raba shi da muƙamansa, aka kuma rufe École polytechnique na wani lokaci a wata mai biye. Ya ƙarasa kwanakinsa hankalinsa ya raunana, ba ya iya magana sosai. Ya rasu a Faris ranar 28 ga Yuli, 1818. Hukuma ta hana ɗaliban makarantar halartar jana'izarsa, amma a ranar hutunsu ta farko suka yi ayari zuwa kabarinsa a maƙabartar Père Lachaise. A Disamba 1989, cikin bukukuwan cika shekara 200 da juyin juya hali, aka mayar da ƙasusuwansa ginin Panthéon, inda Faransa take binne manyan mutanenta.